Tambayoyi da Amsoshi kan Na'urorin da ke Gano Rini Mai Cutarwa a Abinci ta Hanyar Ƙyallin Haske

Mai cefane a Kano da ido yake fara ciniki. Manjan da ya fi ja shi ake fara tayawa, garin barkonon da ya fi ɗaukar ido shi ke fara ƙarewa a faranti, yaro kuwa idan aka ba shi zaɓi tsakanin alawa biyu, mai kalar da ta fi haske zai miƙa wa hannu. Masu algus sun san wannan hali namu sarai. Wannan shafi yana amsa tambayoyi ne game da wata fasahar gwaji da masana ke ginawa domin gano rinin masana'anta da ake zubawa a abinci, ta hanyar amfani da ƙyallin haske da kuma wasu sinadarai na halitta.

Wane irin rini ake magana a kai?

Ana nufin rinin da aka ƙera domin tufafi, fata, man goge takalmi, kakin kyandir, robobi da man fetur, wanda babu hukumar da ta yarda a ci shi, amma yake ɓullowa a cikin abinci. Fitaccen cikinsu shi ne dangin rinin da ake kira Sudan, mai lamba ɗaya zuwa huɗu, wanda launinsa ke tsakanin ruwan lemo da ja. Sunan kasuwanci ne kawai, ba daga ƙasar Sudan ake kawo shi ba. Da yake a cikin mai yake narkewa, ba a ruwa ba, ya fi shiga manja da garin barkono. Akwai Rodamin B, mai launin hoda mai tsananin haske, wanda ake samu a alawa da kayan zaƙi. Akwai rawayan Metanil da ake ƙara wa gangamau, sannan akwai koren Malakait da wasu masu kiwon kifi ke zubawa a ruwa domin maganin ƙwayoyin cuta, ya kuma maƙale a tsokar kifin.

Matsalar ba ta ƙasa ɗaya ba ce. A shekarar 2003 aka gano Sudan na ɗaya a Faransa cikin garin barkonon da aka shigo da shi daga Indiya. A watan Fabrairun 2005 hukumomin Birtaniya suka janye nau'o'in abinci fiye da 400 daga shaguna, saboda an sarrafa su da wani romon ɗanɗano da aka haɗa da irin wannan barkono. A 2015 hukumar abinci da magunguna ta Gana ta gargaɗi jama'a kan manja mai ɗauke da Sudan na huɗu a kasuwannin ƙasar, kuma ita ma NAFDAC, takwararta ta Najeriya, ta sha yin gargaɗi kan manjan da aka rina. A watan Fabrairun 2024 jihar Tamil Nadu ta Indiya ta haramta sayar da alawar auduga bayan an gano Rodamin B a cikinta.

Me ya sa wani zai zuba rini a abincin da mutane za su ci?

Riba ce. Manjan da ya tsufa, ko aka sirka shi da wani mai, launinsa kan kode, sai ɗan rini kaɗan ya mayar da shi kamar yau aka tace shi. Barkonon da ya daɗe a ajiya, ko aka ƙara masa dusa domin ya yi auki, haka nan. Rinin masana'anta ya fi kalar abinci araha, kuma ba ya kodewa da zafin rana. Yana da kyau a lura cewa matar da ke auna manja a kwalba a bakin kasuwa, ko mai shagon unguwa, sau da yawa ba su san komai ba, domin algus ɗin ya faru tun kafin jarkar ta iso hannunsu.

Mece ce illarsa ga jiki?

Ba guba ba ce mai kayar da mutum nan take, kuma wannan shi ne abin da ya fi tayar da hankali, domin mai ci ba ya jin komai da zai sa ya daina. Rinin Sudan yana cikin dangin da masana sinadarai ke kira azo. Idan ya shiga ciki, ƙwayoyin bakteriya na hanji da kuma hanta suna tsinka shi gida-gida, sai ya saki wasu ƙananan sinadarai, waɗanda a cikinsu akwai masu lalata ƙwayoyin gado na jiki. Sudan na huɗu, alal misali, yana iya sakin wani sinadari mai suna oto-toluwidin, wanda aka tabbatar yana haddasa sankarar mafitsara.

Hukumar binciken sankara ta duniya da ke birnin Liyon a Faransa ta sanya rinin Sudan da Rodamin B a rukuni na uku, wato abubuwan da hujjojin da aka tara ba su isa a yanke hukunci kan ɗan Adam ba. Wasu kan ɗauki wannan a matsayin wanke rinin, alhali ba haka ba ne. Gwajin da aka yi a kan ɓeraye ya nuna Sudan na ɗaya yana haifar da ƙari a hanta, kuma a kan haka ne hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana shi a 2005 a matsayin mai lalata ƙwayoyin gado da haddasa sankara. Gidan da ake miya da manja safe da dare, shekara da shekaru, shi ne ya fi cancanta a ji wa tsoro.

Kalar da ake sa wa kek, zoɓo da ƙanƙarar yara fa, ita ma haramtacciya ce?

A'a. Akwai kalolin da aka halatta, irin su Tatrazin mai launin rawaya da jan Alura, amma da ƙayyadadden adadi. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Sawzamtin ta Ingila a 2007 ya danganta cakuɗen wasu kaloli shida da ƙaruwar rawar kai a yara, kuma tun 2010 Tarayyar Turai ta wajabta rubuta gargaɗi a jikin abincin da ke ɗauke da su. A watan Janairun 2025 Amurka ta soke izinin amfani da jan kala mai lamba 3 a abinci. Saboda haka tambayar da gwaji zai amsa iri biyu ce: game da haramtaccen rini, akwai shi ko babu, game da halattacciyar kala, nawa aka zuba.

Mene ne wannan ƙyallin haske da ake dogara da shi?

Duk wanda ya taɓa ganin ɗan canji a Wapa, ko ma'aikacin banki, ya haska takardar kuɗi da wata fitila mai shuɗin haske, wasu zane-zane da ba a gani da rana suka bayyana suna walƙiya, to ya ga abin da idonsa. Wasu sinadarai suna haɗiye haske mai ƙarfi, sannan nan take su amayo wani haske mai launi dabam wanda bai kai na farko ƙarfi ba. Da an kashe fitilar ƙyallin ya ɗauke. Masanin nan na Birtaniya, Joj Sitoks, shi ya raɗa wa abin suna fuloresens a 1852, bayan Jon Hashal ya lura a 1845 cewa ruwan kwinin, maganin zazzaɓin da iyayenmu suka sani da ɗaci, yana fitar da shuɗin haske a cikin rana.

Amfanin wannan ga mai gwaji shi ne kaifinsa. Gano ɗan jan rini a cikin jan manja da ido abu ne da ba ya yiwuwa, amma ɗan ƙyalli a cikin akwati mai duhu yana fita fili, kamar yadda ake hango fitilar aci-balbal daga nesa a daren da babu wata. Shi ya sa ake iya auna adadin da bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na abincin ba.

Mece ce kuma bayosensa?

Na'ura ce da ta haɗa abu biyu: wani sinadari na halitta da ke gane abin da ake nema ya cafke shi, da kuma wata hanya ta mayar da wannan cafkewar alamar da za a iya gani ko aunawa. Ba baƙuwa ba ce a gidajenmu. Na'urar gwajin suga da masu ciwon suga ke ɗiga wa jini bayosensa ce, kuma asalinta yana komawa ga aikin Liland Kilak na 1962. Ɗan farantin gwajin zazzaɓin cizon sauro da ake amfani da shi a kemis, da tsinken gwajin juna biyu, duk a kan wannan tunani aka gina su.

A gwajin rini, masu cafkewar sun fi zama iri biyu. Na farko su ne sinadaran garkuwar jiki, waɗanda ake sa jikin zomo ko ɓera ya samar domin su gane rini guda. Na biyu su ne aftama, wato gajerun zaren ƙwayar gado da ake tankaɗe su daga cikin biliyoyin ire-irensu har a sami wanda ke naɗewa daidai siffar rinin, kamar makulli da ɗansa. An fara samar da su a 1990. A ganina aftama ce ta fi dacewa da mu, domin a ɗakin gwaji ake haɗa ta ba tare da dabba ba, kuma ta fi jure zafi, abin da ba ƙaramar magana ba ce a garin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, wutar firiji kuma ba ta da tabbas.

To yaya ake haɗa ƙyallin da mai cafkewar har su tona asirin rini?

Ana liƙa wa mai cafkewar wani abu mai ƙyalli. Yana iya zama sinadari irin fuloresin, ko ƙananan ƙwayoyin da ake kira ɗigon kwantam, waɗanda girmansu bai wuce 'yan nanomita ba, nanomita ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Aikin gano su da ƙera su ne ya sa aka ba masana uku kyautar Nobel ta ilimin sinadarai a 2023. Akwai kuma ɗigon kabon, da aka gano a 2004, wanda masu bincike ke iya dafawa daga abubuwa masu araha kamar ɗan tsami, ɓawon lemo ko ganye.

Rinin Sudan ba shi da ƙyallin kirki na kansa, amma gwani ne wajen haɗiye haske shuɗi da kore. Idan ya shiga ruwan gwajin, ko dai ya tare hasken tun kafin ya isa ga ƙwayoyin, ko ya haɗiye wanda suka fitar, ko kuma, idan mai cafkewar ya jawo shi kusa da su tazarar da ba ta wuce nanomita 10 ba, ya zuƙe ƙarfinsu kai tsaye. Ko ta wace hanya, ƙyallin zai dusashe, kuma gwargwadon dusashewar gwargwadon yawan rinin. Akwai tsarin da ke aiki akasin haka, inda ake fara rufe ƙyallin, sai zuwan rinin ya buɗe shi. Wannan ya fi aminci, domin abubuwa da yawa suna iya dusar da haske, amma kaɗan ne ke iya kunna shi. Wasu masu ƙira kuma sukan sa launi biyu, ɗaya mai canzawa ɗaya tsayayye, ta yadda za a riƙa gwada su da juna, ko da batirin fitilar ya yi sanyi sakamakon ba zai karkace ba.

Sai dai a kula: da yawa daga cikin abubuwan da ake wallafawa da sunan bayosensa, ɗigon kabon ne tsurarsa babu mai cafkewa na halitta. Irin waɗannan sun fi araha, amma ba su da tsantseni wajen bambance rini da rini.

Yaya gwajin manja zai kasance a aikace?

Jami'in gwaji zai ɗebi kamar rabin ƙaramin cokali daga jarka, ya zuba a 'yar kwalbar da ke ɗauke da sinadarin tsamo rini, irin su asetonaitiril ko barasar gwaji, ya jijjiga ta sosai, ya ajiye har man ya kwanta a ƙasa ruwan ya taso sama. Daga ruwan saman zai ɗiga ɗigo biyu ko uku a kan takardar gwaji, ya jira 'yan mintoci, ya zura takardar cikin wani baƙin akwati da bai fi tafin hannu ba, wanda ke da 'yar fitila a ciki da ƙofar da kyamarar waya ke leƙawa. Manhajar wayar ce za ta auna hasken ta gwada shi da na tsaftataccen manja. Duk wannan yana iya faruwa mai kaya na tsaye yana kallo, motar ba ta ma gama sauke lodi ba.

Ai NAFDAC tana da ɗakunan gwaji. Mece ce bukatar wannan?

Tana da su, kuma manyan injinan da ke rarrabe sinadarai ɗaya bayan ɗaya su auna nauyinsu su ne har gobe alƙalan ƙarshe. Amma injinan suna da tsada ƙwarai, suna bukatar wuta tsayayya, sinadarai daga waje da ƙwararren ma'aikaci, kuma kafin a ɗauki samfur a kai shi a dawo da sakamako, kayan sun daɗe da watsuwa. Kano kuwa mararraba ce. Manjan da ya taso daga kudu yana sauka a nan a rarraba shi zuwa Katsina, Jigawa, har Jamhuriyar Nijar, kayan masarufin kasuwar Singa da na Sabon Gari suna shiga ƙauyukan da jami'i bai taɓa takawa ba. Ba za a iya kai kowace jarka ɗakin gwaji ba. Aikin ƙaramar na'urar shi ne ta tace, ta ware ɗaya ko biyu da ake zargi daga cikin ɗari, sannan babban inji ya tabbatar.

Na'urar tana kuskure?

Tana yi, kuma wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a gare mu. Abincinmu cike yake da launuka na asali masu wasa da haske. Jan manja na gaskiya ya samo asali ne daga sinadarin karotin, wanda shi ma yana haɗiye shuɗin haske kamar yadda Sudan ke yi, don haka na'urar da ta dogara da dusashewar ƙyalli kawai tana iya ɗora wa manja mai kyau laifin da bai yi ba. Jan barkono da tattasai daga dangin wannan sinadari yake. Gangamau yana da ƙyallinsa na kansa, koren ganye yana fitar da jan ƙyalli, launin zoɓo kuwa yana canzawa gwargwadon tsaminsa. Yajin kilishi da na tsire sun haɗa ƙuliƙuli, citta, barkono, mai da gishiri wuri guda, kowanne da irin tasa katsalandan ɗin. Ƙurar hunturu da zafin rana su ma suna lalata takardar gwaji idan ba a adana ta da kyau ba, sannan kyamarar wannan waya ba ɗaya take da ta waccan ba.

Abin da ke damuna shi ne yawancin binciken da ake wallafawa a kan abincin wasu ƙasashe aka gwada shi, a ɗaki mai sanyi, kuma sau da yawa mai binciken ne da kansa ya zuba rinin cikin samfur mai tsafta. Na'urar da ba a gwada ta da manjanmu da yajinmu ba, bai kamata a kama ɗan kasuwa da hujjarta ba. Mutuncin ɗan kasuwa shi ne jarinsa, kuma idan aka yayata a kasuwa cewa kayansa gurɓatattu ne, ko daga baya an wanke shi, cinikin ba ya dawowa yadda yake.

Ana sayar da ita a Kano?

Kada kowa ya yaudare ku da wata na'ura mai gano kowane irin rini. Mafi yawan waɗannan na'urori masu ƙyalli har yanzu a matakin bincike suke. Abin da ya riga ya shiga kasuwar duniya shi ne kayan gwaji masu amfani da sinadaran garkuwar jiki domin rini ɗaiɗaiku, irin su Sudan da koren Malakait, kuma hukumomi da masana'antu aka yi wa su, ba magidanta ba.

Zan iya amfani da fitilar duba kuɗi a gida?

Za ta iya ba da alama a kan Rodamin B kaɗai, domin shi yana da ƙyalli na kansa. Na taɓa jiƙa ɗan guntun alawa mai launin hoda, wadda yarinyata ta sayo a ƙofar makaranta ta rine mata harshe da leɓe har bayan la'asar, na haska ruwan a ɗaki mai duhu, sai ga shi yana walƙiya da launin ruwan lemo. Ban ɗauki wannan a matsayin hujja ba, domin akwai halattattun abubuwa masu ƙyalli, amma ya ishe ni dalilin hana ta sake saye. A kan manja fitilar ba za ta nuna rinin Sudan ba. Kada kuma a haska ta a ido.

Na'urar gwajin za ta iya gano duk wata guba da ke cikin abinci?

Ba za ta iya ba, domin kowace takardar gwaji abu ɗaya ko dangi ɗaya take nema. Kanawa ba su manta da watan Maris na 2021 ba, lokacin da ɗaruruwan mutane suka kwanta a asibiti, wasu suna fitsarin jini, wasu suka riga mu gidan gaskiya, bayan shan lemon da aka haɗa da gurɓatattun kayan haɗi, ciki har da wani sinadarin masana'anta da aka sayar a matsayin ɗan tsami. Wannan ba rini ba ne, kuma takardar gwajin Sudan ba za ta ce komai a kansa ba. Haka nan gubar dalma da ake samu a rawayan da wasu ke shafa wa gangamau, hanyar gwajinta dabam ce.

Kafin na'urar ta iso, me mai cefane zai yi?

Ya yi hattara da kyan ɗan maciji. Manjan da jansa ya zarce hankali, musamman idan farashinsa ya faɗi ƙasa da na sauran, abin tuhuma ne. Sayen busasshen barkono da tattasai a kai inji a niƙa ya fi sayen garin da ba a san asalinsa ba. Masu zoɓo, kek da ƙanƙara su nemi kala mai suna da lambar rajistar NAFDAC, su guji wadda ake ƙullawa a leda babu rubutu. Wanda ya ga abin zargi ya ajiye ragowar kayan, ya kai ƙorafi ofishin NAFDAC na Kano ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta jiha.

A ina ya kamata a fara idan ana son fasahar ta yi amfani a Kano?

A wurin sari, ba a teburin mai awo ba. Gwada duro ɗaya a inda manyan motoci ke sauke kaya ya fi gwada kwalabe ɗari a unguwanni, kuma shi ne zai kai ga wanda ya zuba rinin. Kafin nan akwai aikin da sassan ilimin sinadarai da kimiyyar abinci na Jami'ar Bayero da sauran manyan makarantun jihar za su iya ɗauka: su tattara manja, garin barkono, yaji da zoɓo daga kasuwanni dabam-dabam, da rani da damina, su gwada kowane samfur da ƙaramar na'ura da kuma babban inji, su ƙirga sau nawa suka dace, sau nawa suka saɓa. Ya kamata kuma a shigar da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa tun daga farko, domin mai kaya na gaskiya shi ne ke asara idan wake ɗaya ya ɓata gari, kuma ɗan sarin da zai iya gwada jarka kafin ya biya kuɗi zai mayar da gurɓataccen lodi tun motar ba ta bar tasha ba.